Injin Motar Mahaifiyar Biljana

A kasuwar tsofaffin kayan mota da ke ci ranar Lahadi a garin Dapto suka fara haɗuwa. Biljana na tsugune tana jujjuya wani karanshaf, ƙarfen da ke juyawa a cikin injin mota, Rhys Tulloch kuwa ita yake kallo.

"Wannan ya fi na asali tsawon hannu," ya ce. "In aka sa shi a injin Bosuwaja kunkuru, fistin zai ƙara nisan tafiya, mota ta ƙara ƙarfi."

A wani bidiyo ya taɓa jin haka, iyakar saninsa ke nan. Aikinsa yankan ciyawa ne a filayen ƙwallo.

Ta ɗago tana murmushi. "Ashe gwani na samu."

Ya buɗe baki zai ce a'a, murmushin ya hana shi.

Motar ta marigayiya mahaifiyarta ce, tsohuwar Bosuwaja shuɗiya mai injin da iska ke sanyaya shi, ta gaji har ba ta iya hawan tudun Bulli. Sabon inji ya fi ƙarfin Biljana, sai Rhys ya ce zai haɗa mata da kayan gwanjo. Kowace Asabar suna rumfar bayan gidansu, ta kawo masa burek mai zafi, gashin fulawa mai cuku a ciki, daga shagon goggonta, shi kuma yana ta satar kallon bidiyon gyara a waya yana kwaikwayo. Kafin injin ya haɗu, zukata sun haɗu. Da dare sai ta turo masa saƙo a waya, ya mayar mata.

"Injiniyana, ka isa gida lafiya? Rigata duk baƙin mai, amma na kasa wanke ta."

"Bibi, bar ta haka. Ni ma cukun burek ya ɓata min tawa, kuma ina alfahari."

Mahaifinta Vasko, wanda ya yi ritaya daga masana'antar ƙarfe, bai so abin ba. "Wane ne shi da zai taɓa motar uwarki? Ga Goran ɗan aminina, da garejinsa, yana sonki tun kuna yara."

"Baba, irin wannan injin ya haɗa su ba adadi," ta ce. Ta san yankan ciyawa ne aikinsa, amma ba ta ambata ba.

Ranar da za a tayar da injin, Vasko ya fito, goggonni suka jeru, Goran ma ya zo ya jingina da ƙofa. Rhys ya san akwai matsala. Da ya juya injin da hannu ya ji yana ɗan cijewa, ya ce wa kansa zai saki.

Biljana ta murɗa makulli. Injin ya tashi, ta yi ihun murna. Sai ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana dukan tukunya, ya mutu.

Goran ya tuntsire da dariya. "Abokina, ka goge cikin gidan injin kuwa? Dogon karanshaf sai an yi masa wuri. Ko a makarantarku ba a koya muku ba?"

Vasko bai yi dariya ba. "Yaro, inji nawa ka taɓa haɗawa?"

Rhys ya kalli ƙasa, kunnuwansa sun yi ja. "Wannan ne na farko, Baba. Ciyawa nake yankewa."

Tsohon ya juya ya dubi 'yarsa. Ta rufe fuska da tafin hannu.

Daga ranar Rhys ya ɓace. In wayarsa ta yi ƙara ya ga sunanta, sai ya kife ta. A ganinsa ya lalata abin da uwarta ta bari, da wane ido zai kalle ta? Da aka ce masa an ga motar jan kaya ta Goran a ƙofar gidansu, ya ce shi ke nan. Ita kuwa ta ɗauka fushi yake don ta ɓoye sana'arsa.

Yana kan injin yankan ciyawa saƙonta ya shigo.

"Injiniyana, kai ka yi ƙarya don in so ka. Ni na yi ƙarya don na ji kunyar aikinka, tawa ta fi muni. Goran ya zo ɗaukar motar, na sallame shi. In ba za ka yafe min ba, ka zo ka faɗa min a fuskata."

Da kayan aikinsa a jiki ya tafi. Vasko ya tarar a rumfa, zaune gaban injin.

"Baba, na zo ba da haƙuri."

Tsohon ya ɗago ya dube shi. "Da ka ce ƙarfen gwanjo ne ba shi da kyau, da kowa ya yarda. Ba ka ce ba." Ya miƙa masa magagari. "Gidan injin bai fashe ba. Akwai tsofaffi a ƙungiyar masu kunkuru, ka je ka ce ba ka sani ba, za su nuna maka."

Biljana na bakin ƙofa, idanunta sun kumbura. "Ka yafe min?"

"Bibi, ni da ko kallonki na kasa yi?"

Suka warware injin tare. Suna gogewa suna gwadawa, har ya juya sumul da hannu ɗaya. Da bazara ta shigo motar ta haye Bulli, Biljana na tuƙi tana kuka tana dariya.

An ɗaura aurensu a cocin Port Kembla. Wurin rawa goggonni suka ja Rhys cikin da'ira, yana ta take musu ƙafa suna shewa. Da kiɗa ya lafa, Vasko ya haɗa hannuwansu cikin nasa, ya ce:

"Yau na aurar da 'ya, na kuma samu ɗa. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Aka amsa da amin. Rhys ya ɗago kai, ya dubi matarsa ido cikin ido.