Salkar da Zayyadu Ya Rataya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Arlit zuwa Assamakka ya san dokarta guda ce: in ka hangi mutum a tsaye cikin rairayi ya ɗaga galan babu ruwa, ka tsaya. Ko shi ya sace maka taya jiya, ka shayar da shi tukuna. Zayyadu ya san wannan tun kafin gemu ya fito masa. Mijin yayata Balki ne, shi ya sa ba zan sakaya sunansa ba. Allah ya isa tsakanina da shi.

A shekarun nan kasuwar uraniyum ta mutu, ana ta sallamar ma'aikata a Arlit, fari ya kwantar da dabbobi, 'yan tawaye kuma sun tare hanya. Babbar mota ba ta motsi sai da rakiyar soja, rakiyar kuwa sai a yi sati biyu ana jira. Zayyadu na da tsohuwar kamiyo guda, babbar motar kaya. Yana ɗauko gero da albasa daga kudu, ya haura Tamanrasset, ya sauko da dabino da taliya. Sau biyu albasa ta ruɓe masa a tasha yana kallo. Kowa ta ruɓe masa, kowa ya haƙura. Shi ne bai iya ba.

Bayan gari, inda ake zubar da tsoffin ƙarafa, akwai gangar jikin wata tankar mai da ta ƙone. A cikinta wani boka yake zaune. Abin da ya faru can daga bakin Zayyadu na ji shi, bayan hankalinsa ya fara gushewa. Da tsakar rana ya shiga, ƙarfen na ƙona tafin hannu, amma ciki sanyi kamar rijiya. An jera ƙasusuwan raƙuma a bango, da takalma wari-wari na mutanen da hamada ta cinye. Daga sama salkuna ne ke reto, irin fatar akuyar nan da direbobi ke rataya ruwa a gefen mota, kowacce an ɗinke bakinta.

"Hanya kake so ta buɗe maka kai kaɗai," in ji bokan, bai ko ɗago kai ba.

"Ita nake so, Baba. Amma tun yanzu, ba na yanka, ba na ba da jinin kowa."

"Ka ga na yi kama da mahauci? Ruwa nake so."

"Ruwa? Tano nawa zan cika maka?"

"Wanda za ka hana. Kowace tafiya za ka ga mutum ɗaya ya ɗaga maka galan. Ka wuce shi."

Zayyadu ya ce, "In ɗan'uwana direba ne fa?"

"Ba direba ba ne."

"Gidana fa? Ba ruwanka da gidana?"

"Ni ko ƙofarka ban sani ba. Kai ke riƙe da sitiyari."

Ya sauko da salka guda, ya sa Zayyadu ya cika bakinsa da ruwa ya tofa ciki sau uku, ba bisimilla. Ya ɗinke bakinta da jijiya. Nan take ta kumbura, ta fara zufa. Zayyadu ya ɗauke ta ya rataya a gefen motarsa.

Tun daga ranar Zayyadu ya daina jiran soja. Shi kaɗai yake fita da hantsi, direbobi na kiransa mahaukaci. 'Yan tawaye su ƙone motar da ke gabansa, shi ya ratsa ta cikin hayaƙin kamar ba a ganinsa. Albasarsa ce kaɗai ke isa da ranta, dabinonsa ne kaɗai a kasuwa. Kafin shekara ya yi motoci uku da gidan siminti. Kowace tafiya kuma sai ya hangi wani can nesa, fuska a rufe, galan a sama. Ya taka mai, ya ƙara sautin kaset.

Da ƙanensa Muktari aka fara. Saurayi lafiyayye ya kama shan ruwa, randa guda ba ta kai shi azahar, leɓensa na tsagewa. Asibiti suka auna, ba su ga komai ba. Kwana huɗu ya rasu da moɗa a hannu. Aka ce ruwan garin ne, dama kowa na zargin uraniyum ya gurɓata shi. Mahaifiyarsu ta biyo baya. Ita ba ta mutu ba, sai dai ta koma tsayuwa a tsakar gida da rana tsaka tana ɗaga buta sama, tana kiran motar da babu.

Sai 'Yargata, 'yar Zayyadu da Balki mai shekara shida. Ina riƙe da ƙafafunta, Balki na ɗiga mata ruwa da cokali. Yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Inna, na ɗaga wa Baba hannu. Ya gan ni. Ya wuce."

Da ya dawo an riga an binne ta. Balki ta tare shi a zaure, gaban masu gaisuwa.

"Baban 'Yargata, wa ka wuce a hanya?"

"Ke, kina cikin hankalinki? Mutane na ji."

"Su ji! Ƙanƙanuwa ce, ko? Da galan ɗin da ya fi ƙarfinta?"

Fuskarsa ta yi toka. A nan ya gane su wa yake wucewa a hanya, ni shaida ne. Kuma ga abin da ya sa ba zan yafe ba: bayan kwana bakwai ya sake loda mota. Wai azumi ya matso, dabino zai yi tsada, wai wannan ce ta ƙarshe. Na riƙe ƙofar motar na ce, "Yaya Balki kaɗai ta rage maka." Ya ce in sake masa ƙofa kada in ɓata masa fenti.

Bayan Assamakka ya hange ta. Ya gane zanen, shi ya sayo mata. Ya ce ƙafarsa ta je kan birki, sai ya tuna nauyin da ke bayansa, in ya tsaya yashi zai riƙe tayoyin. Ya wuce. Can gaba ya juyo, bai tarar da ko sawu ba. A daidai lokacin ni nake rufe wa yayata ido, harshenta ya bushe kamar ƙirgi.

Ya farke salkar da wuƙa, yashi ne ya zubo. Motocin suka bi juna: ɗaya ta ƙone, ɗaya ta kife, ta ukun direban ya tsallaka iyaka da ita. Tankar bokan kuwa, 'yan gwangwan sun yanka ta sun sayar.

Bara na shiga motar tsoho Akoli zuwa Agadas. Kilomita kaɗan daga gari sai ga Zayyadu bakin kwalta, tsumma a jiki, ya ɗaga galan.

"Baba Akoli, don Allah wuce shi. Ka san ko waye."

"Na sani," in ji tsohon, yana taka birki. "In na wuce shi na zama shi."

Ya sauka ya kafa masa kofi a baki. Ruwan ya gangaro ta gemunsa duka, ko ɗigo bai shiga ba. Zayyadu ya dube ni ya ce, "Balki ta sha?"

Ku masu zaman tasha kuna cizon yatsa don motar wani ta riga taku isa, ku bari albasar ta ruɓe. Duk wanda ya ce zai buɗe muku hanya ku kaɗai, ku tambaye shi wa za a bari a bakinta. Ba baƙo ba ne. Yana gidanku yanzu, yana jiran ku dawo.