Ranar da Baba Tamba Ya Kai Kifi Ofis

Mubina na durƙushe tana goge wa mijinta Zayyanu shadda da dutsen guga na gawayi, don tun jiya wuta ba ta leƙo unguwarsu a Birnin Kebbi ba. Yau kamfanin shinkafar da yake wa aiki ke liyafar ƙarshen shekara, shi kuwa tun safe sai tsaki yake ja.

"Wallahi na tsani fatin nan," ya ce. "A zauna ana yi wa oga dariyar dole, kowa na leƙen takalmin kowa. In ba ka je ba kuma a ce ba ka kishin kamfani."

"To ka tafi da ni mana, in taya ka dariyar."

"Na ma'aikata ne kawai — ba a zuwa da mata."

Baiwar Allah ta yarda. Har turare ta fesa masa, ta raka shi ƙofa tana yi masa addu'ar ƙarin girma.

Washegari da hantsi yayanta Munzali ya faɗo gidan, ko sallamar kirki babu.

"Tattara kayanki! Umma ta ce ki taho gida yanzu!"

"Yaya, lahiya? Mi ya faru?"

"Tambayi wanga mijin naki!"

Ashe kifin liyafar daga Argungu aka yi oda, kuma mahaifinsu Baba Tamba, tsohon masunci, shi aka ba aikin. Da ya ji wurin aikin surukinsa ne sai ya ce da kansa zai kai, har rigarsa ta Juma'a ya saka. Ya iske rumfuna da kiɗa, ga matan ma'aikata sun sha anko, ga Zayyanu tsaye kusa da manaja. Tsoho ya nufe shi yana murmushi. To, ko yaron goye a ƙasar nan ya san in namiji ya ga surukinsa takalmi yake tuɓewa ya durƙusa. Amma Zayyanu sai ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya ce, "Malam, kicin yana baya, kai can."

Mubina ta juya ta ga mijinta a bakin ɗaki, kansa a ƙasa.

"Gaskiya ne?"

"Ki fahimce ni — na riga na ce musu surukina Alhaji ne mai manyan motoci. Ga oga a gefe, ya zan yi?"

"Ubana, Zayyanu? Uban da ya ba ka ni lokacin da ko keke ba ka da shi?"

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta ɗauki mayafi ta bi yayanta.

A Argungu gida ya ɗauki zafi. Gwaggonninta suka ce auren nan ya ƙare, wanda ya ji kunyar uba gobe kunyar ɗiyar zai ji. Munzali ya rantse in ya ga ƙafarsa a ƙofar gidan sai ya karya ta. Ita kuwa abin da ya fi ci mata rai shi ne har yanzu tana son sa, tana kuma jin haushin kanta a kan haka. Duk wanda ya matsa mata ta nemi saki, amsarta ɗaya ce: "Ku yi haƙuri, zai zo."

Baba Tamba kuwa ya ci gaba da harkokinsa. Yana zaune a zaure yana ɗinkin komar kamun kifi, yana tari. Rigar Juma'ar nan kuwa ya ninke ta, bai ƙara sakawa ba.

Shi ko gogan naka sai saƙo a waya: "Sori, dear, ina nan tafe." Yau aiki, gobe mitin. Ba aikin komai, kunya ce ta ɗaure shi! Ƙarin girman da ya yi wannan wulaƙancin dominsa ma wani aka ba, shi filas ɗin shayi ya samu mai tambarin kamfani.

Tarin Baba ya zama ciwon ƙirji. Wata Laraba bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa, hannunsa cikin na Mubina. Innalillahi! Ta yi kukan rashin uba, ta yi kukan wanda ta ce zai zo bai zo ba.

Ranar sadakar uku sai ga Zayyanu. Tun daga bakin hanya ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, ya ratsa masunta da 'yan gaisuwa, ya zube gaban tabarmar da tsohon ke zama. Babu kowa a kanta.

"Baba, ina wuni?" Ya dafa tabarmar. "Baba, ga ni na durƙusa!"

Munzali ya miƙe a fusace. "Yanzu? Tashi ka ba mu wuri!"

"Ƙyale shi!" Umma ce daga bayan labule. "Ranar da mahaifinku ya dawo daga Birni cewa ya yi mini, yaro ne, tsoro ya kama shi, kada a kashe wa ɗiyata aure saboda ni. Fushi ya hana ni faɗi. Yau na sauke."

Mubina ta koma ɗakinta bayan arba'in. Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba, don ta samu miji wanda ba ta da shi a da. Da shekara ta zagayo ita ya sa gaba zuwa liyafar, ya tsaya gaban manaja da kowa ya ce, "Ga matata, ɗiyar marigayi Tamba masunci, wanda na kora kicin bara." Kowa ya juyo yana kallonsa, bai damu ba.

Jama'a, mutanen da kuke ƙarya don ku burge su ba su za su zauna muku makoki ba. Ku girmama naku tun suna iya amsa gaisuwa. Zayyanu ya samu matarsa, amma har yau in sun je Argungu sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban tabarmar nan, kuma babu mai ce masa tashi.