Igiyar Tsaron Dawa a Fadamar Tama

"Maganar aurenki da Kalla ta mutu, Zaliha. Kar in sake jin sunan nan cikin gidan ga."

Furar da ke cikin ƙwaryar hannunta ta zuba a bakin tabarma.

Malam Hamidu, mahaifinta, bai ko dubi wurin ba.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce. Ruwa ya sauka, dawa ta yi kyau a fadamar Tama, ƙwaya ta fara nono, sai ga tsuntsaye jan-baki kamar hayaƙi. Yayyenta maza suna Abijan ba su dawo ba, gwiwar Malam kuma ta hana shi gudu. Don haka ita ke hawa rumfar tsaro kullum da asuba, tana jan igiyar da aka rataya wa gwangwanayen tumatir. Igiyar guntuwa ce, rabin gona take kaiwa. A kwanakin farko tsuntsayen suka cinye gefen gabas, suka bar zangarniya ba ƙwaya.

Gonar su Kalla manne take da tasu, kuma kowa ya san yadda aikin yake: in ka kori tsuntsaye daga taka, ta maƙwabci suke faɗawa.

Cima ce ta kawo wa Malam zancen, ɗiyar goggon Zaliha, wadda ta daɗe da sa ido kan Kalla. Ta ce da kunnenta ta ji shi yana fito irin kukan tsuntsu da asuba, yana yi kuwa sai su sauka gonar Malam. Ta kuma tuna masa cewa kakan Kalla ne ke yin yanka a gindin dutse kafin damina, zamanin da gidansu ba su fara salla ba. Yau Ɗangana, uban Kalla, a sahun gaba yake tsayawa. Amma Malam ya ce shi bai yarda sun bar komai ba.

Fiton kam gaskiya ne...

Sai dai ba tsuntsu Kalla ke kira ba. Kukan suda yake kwaikwaya don ta san ya iso, ita kuma ta girgiza gwangwani ta amsa.

Akwai kuma abin da ta sani, wanda ba ta da ikon faɗa. Tun ranar da ya iske ta tana kuka a gefen gabas, Kalla ya kwance igiyar gonarsu, ya shimfiɗa ta cikin tasu. Ya roƙe ta ta rufa masa asiri, don in Ɗangana ya ji, a kamiyo, babbar motar Madawa, zai jefa shi, sai Abijan, ba dawowa sai an ga hali.

In ta yi shiru, ta rasa shi.

In ta yi magana, za a raba shi da garin.

"Baba..." ta ce, muryarta can ƙasa. "Ka taho gobe ka ji da kunnenka."

"Zan taho. In na kama shi, gaban mai gari za mu."

Ana sallame sallar asuba suka kama hanya, shi a gaba yana dogara sanda, ita a baya raɓa na jiƙa mata zane. Ya zauna ƙarƙashin rumfa inda karan dawa ya rufe shi. Ta hau sama ta kama igiya.

Wannan lokacin ne ta fi so a duk yini. Fakara ce ke farawa daga kan tudu, da muryarta mai kaushi. Sai kurciyoyi su ɗauka cikin bagaruwa, ɗaya ta yi, wata ta amsa daga nesa. Daga nan ƙanana su ɓarke gaba ɗaya har ba ka iya raba muryar wani da ta wani. Da, takan rufe ido ta saurara. Yau kowane kuka sai ta ji kamar da ita ake. Ta zauna, ta tashi, ta gyara kallabi, ta sake zama.

Ya Allah, ka sa ya makara yau...

A'a, ka sa ya zo.

Sai ga kukan suda daga iyakar gona.

Ta ji sandar Malam ta motsa a ƙasa. Ta kasa girgiza gwangwanin.

Kukan ya sake tashi. Sannan murya ta ratso cikin kara.

"Zalihata, ko barci ya sace min ke? In kika faɗo daga rumfar nan, ni dai ba ni da wata."

Ta cusa fuska cikin gyale, ta ji da ma ƙasa ta tsage.

Kafin Malam ya yunƙura, sama ta yi duhu daga wajen tudu. Jan-baki ne, suna juyawa kamar guguwa, ƙararsu ta danne komai. Suka yi kan gefen gabas. Zaliha ta ja igiyarta da duk ƙarfinta, ko da ta san ba ta kaiwa can.

Gwangwanaye suka kaure da ƙara a gabas, cikin gonar Malam, inda Malam bai taɓa ɗaura igiya ba.

Tsuntsayen suka tashi, suka karkata, suka zube kan dawar Ɗangana. Ba abin da ya motsa a can.

Malam ya miƙe. Ya bi ƙarar yana ɗingishi, ita tana biye da shi. Suka iske Kalla tsaye a kan iyaka, igiya naɗe a hannunsa ta goge masa fata. Bayansa, dawarsu ta rusuna da nauyin tsuntsaye.

Ya saki igiyar, ya durƙusa ya gaida Malam.

"An ce kai ke kiran su."

"Baba, da suna jin kirana, da tuni na aike su Abijan cin rani."

Malam bai yi dariya ba. Ya tambaye shi igiyar wa ce wannan, tun yaushe take nan, ko Ɗangana ya sani. Kalla ya amsa na farko da na biyu. A na uku ya sunkuyar da kai.

"To fiton fa, wa kake yi wa?"

Kalla ya dubi ƙasa. Zaliha ta juya baya.

Malam ya shiga gonar Ɗangana, ya karyo zangarniya ɗaya ya murza a tafi. Ƙaiƙayi ya tashi, ƙwaya 'yar kaɗan ta rage. Ya daɗe yana kallonta.

"Baba, don Allah kar a tura shi..." Zaliha ta faɗa cikin kuka.

"Ke, koma rumfa." Ya juya ga Kalla. "Ɗangana kuwa ni zan same shi da kaina, ka bar min wanga. Kai dai kwance igiyarka yanzu, ka mai da ta inda ka ɗauko."

"Baba, gefen gabas ɗin naku..."

"Ina da baki, zan zauna can in yi ta ihu. Yi sauri, yaro. Gidan da zan kai ɗiyata, ba ni so in iske rumbunsa wayam."

Kalla ya ɗago kai, ya dube ta, ta dube shi. Sannan ya kama ƙullin farko yana kwancewa, ita kuma ta ruga cikin dawar su Kalla tana tafa hannu tana korar musu tsuntsaye.