Sabitu Ya Koma Mataki Na Ɗaya

Shekarar da aka ba Katsina jiharta, ana gab da yankan gero, wani saurayi ya sauka daga babur a ƙofar wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kurfi, takardu a hammata. Sunansa Sabitu, daga wani ofis a Dutsin-Ma aka turo shi.

Sa'adiya ce mai ba da kati a wurin.

"Sannu da aiki. Ina babba?" in ji shi.

"Babba ta tafi Birchi karɓar haihuwa. Ƙarama ce ta rage, in za ta yi maka."

Matan da ke kan benci sun ce sau biyu biro ya faɗi daga hannunsa. Wasu sun ce uku. Ni dai da ukun na yarda.

Ga abin da ya kawo shi. An kai kwamfuta guda ɗaya tal ofishinsu, ana lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya. Shi aka ɗora wa tsara yadda za a riƙa shigar da duk yaron da aka yi wa allurar ƙyanda, don a san wanda ya samu da wanda ya rage.

Ya shimfiɗa mata wata doguwar takarda mai akwatuna da kibiyoyi.

"Matakai biyar ne. A tambayi abin da ake bukata, a zana tsari, a gina, a gwada, a miƙa. Haka aka koya mana. In ka bar mataki, ba ka waiwayensa."

"To in kuskuren a na farko yake fa?"

"Shi ya sa ba a kuskure a na farko."

"Wa ka tambaya?"

"Shugaban ofis, da mai unguwa, da malamin allura."

"Duk maza ke nan," in ji Sa'adiya. Ta ci gaba da jera katinta.

Aikin da zuwa biyu zai gama shi, Sabitu ya yi masa zuwa goma sha ɗaya. Wata rana ya ajiye wasiƙa ƙarƙashin akwatin kati:

"Zuwa ga hasken idona, Sa'adiya. Bayan gaisuwa, na yi bincike a kanki na gamsu. Na tsara komai: gaisuwar iyaye bayan kaka, ɗaurin aure bayan Sallah, zama a Dutsin-Ma, ki ajiye aiki ki huta. Naki har abada, Sabitu."

Ta karanta sau uku. Zuciyarta ta yi sanyi da farkon wasiƙar, ta yi zafi da ƙarshenta. Ba ta ba da amsa ba, shi kuwa ya ɗauka kunya ce.

Manyansa suka je wurin mahaifinta, Malam Ɗanmusa, manomi mai magana ɗaya. Ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce, "Mi yaron nan ke yi ne? Mahmuda mai mota ya riga ku zuwa, shi ina ganin aikinsa yana wucewa a hanya. Wanga kuwa akwatuna yake zanawa a takarda. Ba zan yi wa ɗiyata dole ba, amma ba na ba da ita ga aikin da ban ga ya tsaya da ƙafarsa ba."

Sai ga ranar gwaji. Bayan wata uku ana cika sabon fom, kwamfuta ta yi ta ƙara, ta fitar da doguwar takarda. Jama'a, abin sai wanda ya gani! Yara arba'in da ɗaya sunansu "Yaro." Sha tara "Wance." Sunan uba kuwa, rabin ƙasar nan mutum ɗaya ya haife su, wai shi "Maigida." Ɗan wata Bafillatana mai suna Kulu, daga Barkiya, takarda ta ce an yi masa allura sau huɗu, alhali bai taɓa ganin tsinin allura ba. Shi da ire-irensa da an tsallake su, ƙyanda kuma na jiran bazara.

Shugaban ofis ya ba Sabitu mako shida: ko ya gyara, ko ya tattara ya koma Katsina inda ya fito. Labarin ya riga babur isa kunnen Malam Ɗanmusa. Kada ku tambaye ni wa ya kai.

A makon ne amsar Sa'adiya ta zo:

"Malam Sabitu, wace mace ka taɓa ji ta kama sunan mijinta, ko na ɗanta na fari? Fom ɗinka abu biyu yake tambaya, duka biyun bakin uwa ba ya faɗa. Da ka zauna a bencinmu rabin yini da ka gani. Haka wasiƙarka take. Ka yi bincike, ka tsara, har ka ajiye mini aikina. Ni, yaushe ka tambaye ni? Sa'adiya."

Ya daɗe zaune da wasiƙar. Abin da ya fi damunsa, in ji abokansa, shi ma innarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, don shi ne na fari. Shekara ashirin da bakwai yana amsa "Kai wane," amma da ya zauna zanen fom bai tuna ba.

Washegari ya zo ba takarda a hammata. Ya zauna a ƙarshen benci, mata na ta ƙunshe dariya.

"Sa'adiyata, na dawo mataki na ɗaya."

"Ashe ana waiwaye?"

"Daga yau ana yi. Gaya mini yadda za a yi."

"Kada ka gina duka. Mu gwada da mata ashirin. In ya karye, mu gyara, mu ƙara ashirin."

Haka suka yi. Kowane yaro aka ba shi lamba, uwa ta riƙe ɗan kati. Makon farko ruwan wanki ya jiƙa katunan, sai suka sa su a leda. Mako na biyu aka gane iyaye na sauya katin wa da na ƙane, sai suka ɗaura zare mai launi daban-daban. Suna kuwa, ba uwa ake tambaya ba, kaka ko maƙwabciya ce ke faɗa. Kulu ta kawo ɗanta, aka yi masa allurarsa, ya tsala ihu har bakin hanya.

Mako na biyar, suna jera kati, ya ce a hankali, "Saura tambaya ɗaya da na tsallake. Kina sona?"

"Sai yanzu?"

"Sai yanzu. Kuma mi kike so?"

"Ina son aikina. Ina son zama kusa da Inna. Kai ma," ta sunkuyar da kai, "za a iya gwada ka."

Malam Ɗanmusa ya zo da ƙafarsa, jikarsa a kafaɗa. Ya miƙa kati, kafin ya gyara hula an zaro bayaninta, har da ranar da za ta dawo. Ya dubi Sabitu ya ce, "Aikin ya tsaya. Amma na ga hannun ɗiyata a ciki."

"Fiye da rabi, Baba."

"Wagga amsa ita na zo ji. Ku turo manya."

Aka ɗaura aure bayan Sallah, a Kurfi suka tare. Mahmuda, Allah ya saka masa, motarsa ce ta ɗauki 'yan kai amarya.

Shekara ta zagayo, Sa'adiya ta zo benci da goyo. Sabitu, don tsokana, ya ɗauki biro ya ce, "Baiwar Allah, sunan yaro da na ubansa?"

Ta ja gyale ta rufe fuska, ta miƙa masa kati mai jan zare.

"Duba lamba, Malam."

Allah ya raya mai lamba, ya bar iyayensa tare.