Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa

A wani gari can, an yi wani saurayi da mahaifinsa ya rasu ya bar masa tsohuwar mota. Ranar da mahaifiyarsa ta fita takaba, ya shirya kai ta garinsu, tafiyar yini guda cikin daji.

Da ya tada mota, sai jar fitilar ruwan inji ta kama. Ya ƙara ruwa, fitila ta ƙi mutuwa. Ya leƙa ƙasa, babu ɗigo, fitila ta ƙi mutuwa.

Dattijon maƙwabcinsu ya ce, "Cire wayarta kawai, ɗana. Rana tana yi."

Saurayin ya ce, "Baffa, in na rufe mata baki, wa zai gaya mini in ruwa ya ƙare a daji, ga Inna a ciki?"

Ya bari inji ya huce, ya kwance tankin ruwa. Ashe jar laka ce ta danƙare ma'aunin ruwan. Ya goge ta, fitila ta mutu.

Inna ta dubi lakar a tafinsa, ta ce, "Ta rijiyar gonar babanka ce. Can yake ɗibar wa motar nan ruwa."

Saurayin bai wanke hannunsa ba. Sannan suka kama hanya.