Komen Da Ya Makara

Mardiyya na tsugune a bakin murhu tana kaɗa miyar kuka da ta sha busasshen kifi, sai ga mijinta Safiyanu ya dawo daga kasuwa riƙe da farar ambulan. Watansu biyar da aure, suna zaune a gidan mahaifiyarsa a cikin garin Hadejia.

"Malamar asibiti, ga saƙonki na karɓo miki a makaranta," ya ce yana murmushi.

Ta goge hannu a zani ta buɗe. "Wayyo Allah, fostin ɗina ne, inda aka tura ni aiki! Tsamiyar Ruwa, can bayan Baturiya. Shekara uku."

Mardiyya 'yar wani tsohon tela ce, gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyin karatunta na ungozoma. Tana shekarar ƙarshe majalisar jiha ta yi doka: duk wanda aka karantar da shi aikin lafiya sai ya yi shekara uku a inda aka tura shi. Wanda ya gudu za a riƙe satifiket ɗinsa, a kuma gurfanar da wanda ya tsaya masa a gaban kotu. Mahaifinta ne ya tsaya mata. Safiyanu ya san duk wannan tun kafin aure, a gaban waliyyai ma ya yi alkawarin ba zai hana ta ba.

Iya Mairo, uwar Safiyanu, ta ɗaga labulen ɗakinta.

"Shekara uku a ina? Ke da wa?"

"Iya, duk Juma'a zan riƙa dawowa," in ji Mardiyya, kanta a sunkuye.

"Matar Juma'a na auro wa ɗana ke nan? To ba a gidan nan ba! 'Yan majalisar da suka yi dokar, matansu na ƙauye cikin sauro?"

"Iya, in ban je ba Baba za a kama."

"Shi ya sa hannu, shi ta shafa."

Sati uku aka yi ana abu ɗaya. Iya ta daina cin abincin Mardiyya, ta daina amsa gaisuwarta. Ana jibi tafiya ta kira ɗanta tsakar gida, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"In ta taka ƙofar gidan nan da igiyar aurenka a kanta, ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

Safiyanu ya shiga ɗaki ya daɗe. Da ya fito idanunsa sun yi jajir. Ya miƙa wa Mardiyya takarda.

"Yaya Safiyanu, mece ce wannan?"

"Saki ɗaya ne kawai, Mardiyya. Don Allah ki fahimce ni. Da zarar Iya ta huce zan mayar da ke."

"Alkawarin da ka yi wa Baba fa?"

Ya kawar da kai. Ta ninke takardar ta sa a jaka, hawaye na ɗiga a kan hijabinta, ta durƙusa ta yi wa Iya sallama. Iya ta juya mata baya.

Asibitin Tsamiyar Ruwa ɗaki biyu ne, ma'aikaciyarsa ɗaya, wata dattijuwa mai suna Falmata. Mardiyya ba ta yi wata guda da zuwa ba ta gane tana da ciki. Ta buga wa Safiyanu waya ta faɗa masa.

"Alhamdu lillahi! Kin ga iddarki ba za ta ƙare ba sai kin haihu. Muna da lokaci, bari in lallaɓa Iya."

Lokacin ya yi ta tafiya. Duk wayar da ya yi magana ɗaya ce: ta ƙara haƙuri. Iya kuwa da ta ji labarin cikin, cewa ta yi a gaya wa yarinyar ta ajiye aikin ta dawo ta haihu a gida, a nan ne za a yi zancen kome. Mardiyya ta ci kukanta ta gode Allah. Da tsohon ciki take shiga kwalekwale zuwa rugage da ƙauyukan masunta, ta karɓi haihuwar matan da mazajensu ke tsaye a ƙofa suna ta addu'a, ta dawo ɗakinta babu mai ce mata sannu sai Falmata.

Damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya shanye hanya. A lokacin ne Kawu Gwadabe, yayan Iya Mairo, ya zo daga Malam Madori ya tarar da abin da ake ciki. Ransa ya ɓaci.

"Mairo, ki ji tsoron Allah! Yarinya ta ƙi tona wa ubanta asiri, shi ne laifinta? Kai kuma sakarai, wata tara kana jiran izinin gyara abin da ka ɓata da hannunka? Biyayyar uwa ba ta kai ga zalunci ba. Tashi ka tafi!"

Safiyanu ya ce da bakinsa zai faɗa wa Mardiyya ya mayar da ita, ido da ido. Mota ta kai shi Kirikasamma, daga nan babu hanya sai ruwa. Kwana biyu ya yi kafin ya samu mai kwalekwalen da ya yarda ya tsallaka da shi. Da hantsi ya isa asibitin, wandonsa duk taɓo. Tun daga bakin ƙofa ya fara magana.

"Mardiyya, na mayar da ke! Wallahi na mayar da ke ɗakinki!"

Tana zaune a kan gado, jaririya naɗe a cinyarta. Ta dube shi ta daɗe.

"Jiya da la'asar na haihu, Yaya Safiyanu. Idda ta ƙare. Ba ka da abin da za ka mayar."

Ya zube a ƙasa yana kuka kamar yaro.

"To a sake ɗaura aure! Ko gobe ne."

"Ga 'yarka, karɓe ta, ba zan raba ka da ita ba. Amma wata tara na yi ina jiran kalma ɗaya daga bakinka. Saura min shekara biyu da wata uku a garin nan. In har yanzu kana so na, kai ma ka ɗanɗani jira."

Ya jira. Aka sa wa yarinya suna Bilkisu. Duk Juma'a yakan zo, rani da damina, ya zauna a benci a waje kamar baƙo, ya ɗauki 'yarsa, ya koma. Sau biyu Iya na nemo masa mata yana ba ta haƙuri, cikin ladabi amma ba ja da baya. Mahaifin Mardiyya ya rasu a shekara ta biyu. Bai taɓa taka kotu ba, amma bai ga komawar 'yarsa ɗakinta ba, kuma wannan ciwon bai taɓa barin zuciyar Safiyanu ba.

Da wa'adin ya cika aka ba Mardiyya satifiket ɗinta, aka dawo da ita aiki Hadejia. Iya Mairo da ƙafarta ta je gidan su Mardiyya biko, ta zauna a tabarma ta kasa haɗa ido da ita.

"Na cuce ki, 'yar nan. Ki yafe min."

"Na yafe, Iya. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Aka sake ɗaura aure ba kiɗa ba taro. Ranar da ta tare, Bilkisu ta maƙale a bayan uwarta tana kallon ɗakin ubanta kamar gidan baƙi.

Haƙurin Mardiyya ya dawo mata da mijinta da mutuncinta, amma shekarun nan uku babu mai dawo da su. Don haka samari, ku riƙe alkawarin da kuka ɗauka a gaban waliyyai. Iyaye kuma ku rage rantsuwa a kan auren 'ya'yanku, domin kalmar da aka furta cikin fushi a yini ɗaya, sai a shekara uku ana kwasar ta ba a gama ba.