Shanun Altine da Digirin Turai

Altine ta cike fom ɗin jami'a biyu a rana ɗaya, ba ta biya ko ɗaya ba.

Ta ɗora wayar a kan firji, ta koma zuba kindirmo a robobi. Shekarunta talatin da biyu, mijinta ya rasu shekara biyar da suka wuce. Shagonta yana unguwar Bosso a Minna, kuma duk mai shan nono a unguwar ya san ƙofarsa. Difloma gare ta tun tana budurwa. Yanzu digirin kasuwanci take so, irin wanda ake yi ta waya.

Jamil ya yi sallama ya shigo. Injiniyan ruwa ne, a madatsar ruwa ta Tagwai yake aiki, shekara guda ke nan yana neman aurenta.

"'Yar Fillo, kin zaɓa?"

"Ban zaɓa ba, Malam. Tambaya nake yi."

"Wace tambaya kuma? Ɗaya ta Turai ce, ɗaya ta gida."

"Shi ne abin da ya ɗaure min kai. Waya ɗaya, kujera ɗaya, ni ɗaya. Me ya sa ta gida take cin saniya ɗaya, ta Turai take cin tara?"

"Suna ake saya, masoyiyata."

"To sunan nan, yana koyar da abin da ɗayar ba ta koyarwa?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Dalilin yana gidan Zakiyya, yayarsa. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, bai taɓa tsallake maganarta ba. Da farko ta ce ƙaninta ba zai auri bazawara mai sayar da nono ba, alhali ga Fadila, ƙanwar mijin ita Zakiyyar, da digiri biyu daga waje. Daga baya ta sauko. Ta ce idan Altine ta yi digiri a waccan jami'a ta Turai, ranar da ta gama a ɗaura aure. Ita ce ma ta turo adireshin jami'ar da hannunta.

"Na yi lissafi," in ji Jamil. "Shanunki goma sha biyar ne. Ki sayar da tara, shida su rage. Yaya ta rufe baki, mu huta... Ki yi don ni, rabin raina."

Altine ta dube shi, ta ce, "Bari in gama tambaya."

Washegari ta tare Dorothy, nas ɗin da ke sayen yogot kullum da safe. Ita jami'ar gida ta yi.

"Sista, yaya karatun yake?"

"Wahala yana nan, Altine! Netiwok zai tafi, ka zauna kana kallon waya kamar mahaukaci. Jarabawa kuma sai ka je da ƙafanka."

"Takardar fa?"

"Takarda ya fito, an ƙara mini girma a wurin aiki. Ba wanda ya tambaye ni ko Bature ne ya sa hannu."

Da azahar ta kira lambar jami'ar Turai. Wata mata mai laushin murya ta ɗauka, da Hausarta tsaf.

"Shekara nawa ne ga mai aiki?"

"Huɗu, Hajiya."

"Kuna koyar da yadda ake tafiyar da sana'ar nono a garin da wuta ke ɗaukewa?"

Matar ta ce ai akwai malamai na duniya.

"Tun kafin in cike fom kuke turo mini saƙo da sunana. Wa ya ba ku?"

"Wakiliyarmu ta Minna, Malama Fadila. Duk wanda ta kawo tana da kasonta."

Altine ta yi godiya ta kashe wayar. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan benci tana juya abin. Shekara huɗu tana jira, Fadila na shiga gidan Zakiyya kullum da kular abinci, kuma da kuɗin shanun Altine za ta sayi turare. Har ta ɗan yi murmushi, don dabarar ta burge ta.

Ranar Asabar ta ce wa Jamil ya kai ta ƙauyen Garatu.

"Can shanun suke?"

"Wasu."

Suka bar mota a bakin hanya, suka taka zuwa wata ruga. Wata dattijuwa, Goggo Adama, tana tsugune tana tatsa. Jamil ya gaishe ta har ƙasa, sannan ya waiwaya.

"Ina garken?"

"Biyar ne kawai a wurin yayana," in ji Altine. "Goma suna hannun mutane. Wannan ɗaya ce."

"Haya kika bayar?"

"A'a. Mu haɓɓanaye muke cewa. Idan mutum ya rasa garkensa, mai shanu sai ya ɗaura masa karsana. Tana nan a hannunsa har ta haihu sau uku. Nonon nasa, 'yan maruƙan nasa. Sai ta yaye na uku uwar take komawa gida."

"Idan mai ita ya matsu fa?"

"Ya matsu."

"Ba ya karɓa?"

"Yana iya karɓa, Malam. Ba hukumar da za ta kama shi. Sai dai ba zai ƙara zama a tabarmar mutane ba, har jikokinsa."

Goggo Adama ta ji su. Ta ajiye ƙwarya, ta miƙe a hankali. Saniyar ta haihu biyu, ga cikin na uku ya fito. Ta kwance igiyar, ta miƙa wa Altine da hannu biyu.

"Na ji kina son karatu, 'yata. Ga ta. Allah ya saka miki da abin da ya wuce."

Fuskarta ba ta nuna komai ba.

Altine ba ta karɓa ba. Ta juya ta dubi Jamil.

Ya matso kusa da Goggo. Sannan ya karɓi igiyar, ya durƙusa da farar shaddarsa, ya mayar da ita jikin turke.

"Wannan ɗauri ne?" in ji Goggo. "Ko akuya ta kwance shi! Ina kika samo wannan, Altine?"

"A birni, Goggo."

"Da alama."

A mota Altine ta yi magana, idonta a kan hanya.

"Na gama tambaya. Ta gida zan yi. Ɗan bijimin da ke wurin yayana ya ishe ta." Ta gaya masa zancen Fadila, ba ƙari. "Ina son ka, Malam, Allah ya sani. Amma idan sai da sunan Turai za a karɓe ni, ka je... na yafe maka."

Ya tuƙa har Bosso, ya sauke ta a ƙofar shago, ya wuce.

Kwana uku bai kira ba. Ta biya kuɗin makaranta, ta sayi littafin rubutu. Sau biyu ta manta madara a wuta har ta ƙone.

Rana ta huɗu, bayan la'asar, sai ga shi.

"Ɗauko mayafinki."

Gidan Zakiyya ya kai ta. Fadila na falo, ta harɗe ƙafa. Altine ta durƙusa ta gaida Zakiyya.

"An yi rajistar?" in ji Zakiyya.

"An yi, Anti. Ta gida."

Fadila ta tuntsire da dariya. "Ta talakawa? Ai ko mai gadinmu yana yin ta!"

"Allah ya ba shi sa'a," in ji Altine. "Ki yi haƙuri da kason naki."

Dariyar ta tsaya. Zakiyya ta juyo. "Wane kaso?"

Fadila ta hau gyara ɗankwali.

"Ki tambaye ta daga baya, Yaya," in ji Jamil. "Jiya Kawu ya kai goro wurin yayan Altine. An sa rana, sati biyu bayan Sallah."

"Ba da sanina ba? Ni da na goya ka!"

"Ke kika goya ni, shi ya sa na zo da ƙafata. Ki sa mana albarka."

Zakiyya ta dubi Altine, ta dubi Fadila, ta daɗe a kan Fadila. Da ta sake magana, muryarta ta sauka.

"Na riga na gaya wa ƙawayena matarka a Turai take karatu. Da wane ido zan kalle su? Ka ɗaga min ko shekara ɗaya, Jamilu, zancen ya kwanta."

Altine ta sunkuyar da kai.

"A'a, Yaya," ya ce. "Ba zan ɗaga ba. Ko kwana ɗaya."